Mambila: Inda Mutum Ke Shiga Cikin Gajimare Da Ƙafarsa

Duk wanda ya tashi a Kano ko Katsina, in aka ce masa hazo, abin da zai zo masa a rai shi ne ƙurar hunturu, mai busar da leɓe, ta farfasa diddige, wani lokacin har ta hana jirgi sauka. To, a kan tsaunin Mambila da ke Jihar Taraba akwai wani hazon na daban. Shi jiƙa mutum yake yi. Gajimare ne da kansa yake saukowa ya kwanta a kan hanya, mota ta kutsa cikinsa, mai tafiya a ƙasa ya ji danshinsa a gira da gashin baki.

Daga Jalingo ake kama hanya, a wuce Bali, a wuce Serti, sai Mayo Selbe a gindin dutse. Har nan zafi ne, gumi ne, kowa na fifita da abin da ya samu. Daga nan kuma hawa ya fara. Akwai wurin da ake kira Hawan Biyu da Sisi, wanda ake cewa ya samo sunan ne daga ladan da ake biyan 'yan dako a zamanin da, sule biyu da sisi, don su haura da kaya a ka. Kwana kan kwana, dutse ta wannan gefen, rami mai zurfi ta wancan. A nan ne hazo ke yi wa matafiya maraba, kuma ba ya sallama. Yanzu ana hango kwari shar da kore, kafin a ce kwabo komai ya koma fari fat. Direba ya kunna fitila da rana tsaka, ya rage gudu, yana danna hon a kowace kwana. Hira ta mutu a cikin mota. Wanda tun daga Bali yake cika wa mutane kunne da surutu, yanzu salati kawai ke fita daga bakinsa.

Kai, ikon Allah sai kallo! Da an gama hawan, an doshi Maisamari da Nguroje, iska kan yaye farin mayafin nan a hankali. Sai ga tuddai jere babu iyaka, ciyawa luf-luf kamar an shimfiɗa darduma, shanu sun bazu a kai, dogayen itatuwan turare na ɗigar da ruwa alhali ba a yi ruwan sama ba. Mutumin da ya yi rabin awa bai ga ko mota ta gabansa ba, in aka mayar masa da ganinsa a irin wannan wuri, ba sai an tuna masa ya yi hamdala ba.

Abin yana da dalili. Tsaunin ya kai kimanin mita 1,600 sama da teku, kuma iska mai ɗauke da danshi daga tekun Atlantika, in ta taso ta ci karo da duwatsun, dole ta haura. Tana haurawa tana sanyi, sai tururin da ke cikinta ya dunƙule ya zama 'yan mitsi-mitsin ɗigon ruwa. Hazon ke nan. Shi ya sa damina a nan ke cinye fiye da rabin shekara, zafin rana kuma ba kasafai yake wuce digiri 25 ba. A wannan yankin ne Chappal Waddi yake, dutse mafi tsawo a Nijeriya, mita 2,419, kan iyaka da Kamaru.

Mutanen wurin, Mambilawa da Fulani da Kaka da sauran su, sun san abin da sanyin nan ke ba su. Ƙudan tsando bai cika samun wurin zama ba, don haka kiwo ya yi albarka. A Kakara ga gonakin ganyen shayi, inda ake yin Highland Tea. Amma fa akwai wuyarsa: wanki ya kwana biyu bai bushe ba, masara ta yi fumfuna in ba a kula ba, makiyayi ya riƙa bin kukan saniyarsa don ba ya ganinta.

Masu kallon finafinan Indiya sun saba ganin jarumi da jaruma na waƙa a tsaunukan Kashmir ko Suwizalan, hazo na ratsa su. A wajen ɗaukar fim kuwa, sau da yawa da injin hayaƙi ake kwaikwayonsa. A Gembu kyauta yake zuwa, kafin ma a yi kiran assalatu. Da asuba garin kan ɓace gaba ɗaya. Muryar ladan ce kaɗai ke ratsowa, sai inuwar mutane cikin suwaita da hular sanyi suna lalubar hanyar masallaci. Wajen hantsi rufin kwano ya fara bayyana ɗaya bayan ɗaya, mai shayi ya hura wuta, direbobin tasha su ɗaga kai su dubi dutse, su ga ko yau za a iya gangarawa da wuri.