Neman ruwan da ƙwan tarwada zai yarda da shi

Asabar

Magini ya gama shafen tankunan ɗakin ƙyanƙyasar da nake haɗawa a bayan gida, nan Tudun Wada. Saura maganar ruwa, kuma ita ce babba. Babbar tarwada ba ta da tsirfa, tana da wata gaɓa a bayan kai da take shaƙar iska da ita, shi ya sa ake tono ta da rai a cikin taɓo. Ƙwanta da 'ya'yanta na makon farko kuwa ba sa ɗaukar wargi. Ruwa ya ɗan sauya, a wayi gari sun kwanta a gindin tanki. Da dare na kira Yaya a Jidda. Ko gama bayani ban yi ba ya ce, "Ƙanena, kada ka wahalar da kanka. Sayi na'urar RO irin tawa, magana ta ƙare."

Lahadi

Yaya ya turo bidiyon akwatin gilashin da ke falonsa, wanda yake kiwon murjani da ƙananan kifayen teku a ciki. Abin ya burge ni ƙwarai. Ga Bahar Maliya a kusa da shi, amma shi yake haɗa ruwan tekunsa da hannunsa. A na'urarsa ta RO, ruwan famfo yana bi ta matatar datti, ya bi ta gawayi don cire kulorin, sannan a matsa shi da ƙarfi ta cikin wata siririyar fata da ke tare fiye da kashi 90 cikin 100 na abin da ya narke a ruwan. Ragowar sai wasu ƙwayoyin roba su tsotse, har ma'auninsa ya nuna sifiri. A cikin wannan wankakken ruwa yake zuba gishirin kanti na musamman, kimanin giram 35 a kowace lita, daidai da na teku.

Dalilinsa mai ƙarfi ne. Murjani dabba ce mai rai, ta saba da ruwan da kusan ba ya sauyawa. Ɗan burbushin jan ƙarfe yana kashe ta, ɗan fosfet kuma yana sa gansakuka ta lulluɓe ta. To amma shi sharewa yake yi don ya mayar da abin da yake so ta cikin gishirin. Ni in na share, me zan mayar? Ban faɗa masa ba tukuna. Babba ne.

Litinin

Na hau babur zuwa Tiga, don wani maƙwabci ya ce in riƙa sayen ruwan dam a tankar mota, tunda a cikinsa kifi yake rayuwa. Duk zuwan da zan yi sai girman wurin ya ba ni mamaki. A zamanin Gwamna Audu Baƙo aka tare Kogin Kano a nan, aka gama aikin a 1974, kuma yana iya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Da shi ake noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure. Masunta na ta sauke karfasa da tarwada a bakin gaɓa.

Na ɗebi ruwan a gora na ɗaga ta sama. Ƙarshen damina ne, ya yi launin ƙasa. Laka tana manne wa ƙwai ta hana shi samun iska. Ga abin da ruwan sama ya wanko daga gonaki, taki da maganin feshi. Ga kuma ƙwarin ruwa da cututtukan kifin daji, waɗanda babban kifi ke jurewa, jariri ba ya iyawa. Ruwan Tiga ya dace da kududdufin renon manya, ban da ɗakin ƙyanƙyasa. Na bar maganar a nan.

Talata

Wani dattijo abokin mahaifinmu, wanda ya yi shekaru yana aikin ƙyanƙyasa a wajen Bagauda, ya zo duba ni. Na fara ba shi labarin na'urar Yaya, ya ɗaga hannu. "Yaro, ka auna ruwan naka?" Na ce, "Baba, ruwan bohol ne, garau yake, shi muke sha." Ya ce, "Ku kuke sha. Kawo bokiti."

Ya fito da 'yan kwalaben gwaji daga aljihun babbar riga. Ma'aunin tsami, wato pH, ya tsaya wajen 6, alhali ƙwan tarwada ya fi son tsakanin 6.5 da 8. Ya ce hakan ba baƙon abu ba ne a ƙasar dutse irin tamu: ruwan da ya daɗe a ƙarƙashin ƙasa yana fitowa da ƙarancin oksijin, cike da iskar kabon da ke sa shi tsami, wani lokaci da narkakken ƙarfe da ido ba ya gani. Ya cika bokiti biyu. Ɗaya ya rufe, ɗaya ya sa yara su yi ta sheƙa shi daga wannan mazubi zuwa wancan, sannan ya ce a bar su su kwana.

Laraba

Wanda aka sheƙa ya yi ja-ja a gindi. Ƙarfen ne ya haɗu da iska ya zama tsatsa ya kwanta. Da muka sake aunawa, tsaminsa ya ragu, ba a zuba masa komai ba. Baba ya ce in da a cikin tankin ƙwai wannan tsatsar ta fito, a kan ƙwan za ta sauka, ta kuma toshe wa jarirai hanyar numfashi. Ya gargaɗe ni kan alif ma, wanda mata ke kwantar da laka da shi: yana ƙara wa ruwa tsami.

Alhamis

Kano, Sabon Gari, wajen masu kayan tace ruwa. Na'urorin RO iri-iri, daga ta ƙarƙashin wurin wanke-wanke har manya na masu fiya wata. Mai shagon ya ce, "Alhaji, wannan ko ruwan kwata ka ba ta, zamzam za ta fitar." Na yi dariya, na zauna na yi lissafi a bayan takarda.

Ƙaramar na'ura irin ta Yaya, a yini da kwana ba ta wuce lita 300 zuwa 400. Kuma kan kowace lita guda da ta tace, takan zubar da uku ko huɗu. Ɗakin ƙyanƙyasa ruwansa gudana yake yi dare da rana. In ina bukatar lita 1,000 a kullum, sai na jawo 4,000 ko fiye daga bohol, da sola ko da man janareta, in zubar da mafi yawansa a lambatu, a garin da mata ke sayen ruwan turara shinkafa wajen 'yan garuwa. Kuma ƙarfen da ke ruwana zai toshe fatar tacewar da wuri, sai na fara cire shi kafin ruwan ya kai gare ta. Wato aikin Baba dole ne ko da na saya.

Abin da ya yanke hukuncin shi ne kalsiyam. Ƙwan kifi yana bukatarsa a ruwa don ɓawonsa ya yi ƙwari, kuma ruwan da aka share ƙarƙaf ba shi da abin da ke riƙe tsaminsa wuri guda, yanzu yana nan, an jima ya zame. In biya kuɗi a cire, in sake biya a mayar? Na sayi bututu, da kwalaben gwajin pH da amoniya da ƙarfe, da buhun tsakuwar farar ƙasa a wajen masu haɗa abincin kaji. Mai shagon RO bai ji daɗin rabuwarmu ba.

Juma'a

Ba aiki. Bayan masallaci wani abokina daga Riruwai ya ce zai kwaikwayi tsarina. Na ce ya dakata. Garinsu garin haƙar kuza ne, akwai tutiya a duwatsunsu, kuma sheƙa ruwa ba ya cire irin wannan. Ya kai nasa ɗakin gwaji a Kano tukuna. Mai yiwuwa shi ne mai bukatar na'urar Yaya.

Asabar

Mun haɗa. Ruwa yana fitowa daga bohol, ya watsu ta bututu mai huji-huji, ya zubo kan faranti hawa-hawa don ya sha iska, ya kwana a tankin sama. Daga nan ya bi ta durom mai tsakuwa da yashin rafi da aka wanke, ya ratsa farar ƙasa, sannan ya shiga ɗaki. Baba ya sa an toshe tagogi da leda, don hunturu na tafe. Ƙwan tarwada yana fashewa cikin kimanin kwana guda in ɗumin ruwa ya kai digiri 28; in ya yi sanyi sai ya yi ta jinkiri, da yawa su lalace.

Lahadi

Na kira Yaya na zayyana masa komai cikin ladabi. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To ai kai ma ba ka tsira daga ruwan gishiri ba." Gaskiyarsa. Abincin farko na jariran tarwada wasu mitsi-mitsin halittu ne da ake kira atemiya, ana sayar da ƙwansu a gwangwani, mafi shahara daga tafkin gishiri na jihar Yuta a Amurka. Sai an zuba su a ruwa mai gishiri kimanin giram 25 zuwa 30 a lita, ana hura masa iska, su fashe bayan kwana guda. Tekun nawa ke nan, a cikin gorar lita biyu.

Talata

Tun ranar Lahadi nake aunawa safe da yamma. Ma'aunin yana tsaye wajen 7, gindin tanki ba ja. Baba ya zaɓi uwar kifi mai cikakken ciki, gobe da magariba za a yi mata allura, jibi da safe a tatsi ƙwai. Durom ɗin yashi kuma za a riƙa wanke shi duk mako.