Abin da maƙeri zai iya yi wa birki

Shekara biyu ke nan ina tayar da wata tsohuwar Peugeot 504 doguwa, irin ta iyali, a ƙofar gidana a Maraɗi. Peugeot 504 ta fara fitowa a Faransa a 1968, an kuma ci gaba da harhaɗa ta a Kaduna har bayan shekarar 2000, shi ya sa kayanta ba su ɓace a kasuwanninmu ba. Amma fa ba duka ake samu ba, a wajen birki kuwa na ga haka sosai.

Mai karatu, birki yana faɗin ciwonsa ga wanda ya saurara da ƙafa. In ka taka ka ji laushi kamar soso, iska ce ta shiga bututu. In ka riƙe ƙafa ka ji yana nitsewa sannu a hankali, alhali babu ɗigon mai a ƙasa, to robobin babban famfo ne, wanda makanikai ke kira masta, suka gaji. In mota tana fizga gefe guda, wata ƙafa ce ta cije. Tawa ta haɗa biyun farko. Na canja robobi, na zaunar da babban ɗana yana takawa ina kwance notin fitar da iska, muka fara daga ƙafar da ta fi nisa da famfo. Da la'asar ta yi sai ya ce, "Baba, yanzu kam ya yi tauri."

Sai dai da na gwada ta a fili babu kaya, ƙafafun baya suka riga na gaba kamawa, gindin motar ya goce. Na shiga ƙarƙashi na tarar da dalili. Akwai wani ɗan famfo kusa da ƙafafun baya, aikinsa rage ƙarfin mai in mota ba ta da lodi, ya ƙara in an loda ta. Ƙarfen da ke riƙe da shi tsatsa ta cinye, yana lilo kawai. Direbobi da yawa cire shi suke yi su haɗa bututu kai tsaye. Ni ban yarda da wannan ba, domin iyalina za su hau, kuma hanyar Dan Issa ba ta rasa jaki ko amalanke da ke faɗowa titi ba sallama.

Na zagaya 'yan kayan gyara ban samu ƙarfen ba. Sai na zana siffarsa a kwali, kamar yadda nake sa yara yi a aji, na auna tsakanin ramukan, na kai wa wani dattijon maƙeri. Ya juya kwalin ya ce, "Malam, wannan ai bai kai kwasa wuya ba." Ya yanko shi daga farantin ƙarfe mai kaurin milimita 4, ya lanƙwasa, ya huda. Ya zauna daram. Tsohon sifirin ɗin na mayar, don tsawonsa ne ma'aunin.

Daga nan iyakar maƙera ta tsaya. Wani ya ba ni shawara in sa bututun jan ƙarfe na masu gyaran firji a maimakon wanda ya ruɓe. Yana da araha, yana lanƙwasuwa da hannu, amma girgizar hanya tana sa shi ya yi tauri ya tsage, kuma ba ya gargaɗi. Bututun birki na ƙarfe ne, mai kaurin milimita 4.75, bakinsa kuma sai da na'urar da ke buɗa shi daidai. Haka robar da ake yankowa daga tsohon tif, ba ta dace da aikin birki ba. Shi kansa man, DOT 3 ko DOT 4 ake sa wa wannan mota; ko ɗigon man inji ya shiga, robobi kumbura suke yi. Bututun na jira sati uku kafin wani ɗan kasuwa ya kawo mini shi daga Katsina, motar na kan duwatsu, maƙwabta na yi mini dariya.