Bauchin Yakubu, Garin da Duwatsu Suka Rungume

Tun ina ɗan sakandare, lokacin da kawuna ya bar mini tsohuwar kyamararsa mai cin fim, hoton biki da suna bai taɓa jan hankalina ba. Abin da idona ke nema shi ne kuka tsaye ita kaɗai a bakin gona, ko hadari in ya haɗo daga gabas. Sai dai ni Bakano ne, ƙasarmu shimfiɗe take kamar faifai. In ka cire Dala da Goron Dutse, ido ba ya samun wurin jingina. Shi ya sa da na kama hanyar Bauchi a ƙarshen damina, na wuce Wudil da Birnin Kudu, duwatsun Ningi suka fara leƙowa, sai na ji kamar mai ƙishi ya hango rijiya.

Malam Yakubu, ɗaya daga cikin masu tutar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, shi ya kafa garin nan a wajajen 1809, kuma lallai ya iya zaɓen wuri. Ka bi ta Ƙofar Wunti, ko Ƙofar Ran, ko Ƙofar Nassarawa, da wuya ka ɗaga kai ba ka yi ido huɗu da dutse a ƙarshen titi ba. Mutanen gari sun saba, ko kallo ba sa yi. Ni kuwa kowane taku sai na tsaya.

Da asuba mai masaukina, wani dattijo, ya raka ni gindin Dutsen Warinje. Ina kafa kyamara ina ta ƙoƙarin dannawa, ya dafa kafaɗata.

"Ɗana, saurin me kake? Ai dutsen bai farka ba tukuna."

"To, Baba, yaushe zai farka?"

"Jira dai."

Na jira. Raɓa ta jiƙa mini ƙafar wando, hayaƙin masu tuyar masa ya fara tashi daga unguwanni. Can sai rana ta taɓa kan dutsen kawai, ya yi ja kamar garwashi, ƙasansa kuma yana nan cikin duhu. A hankali hasken ya gangaro, ya fito da kowace tsaga da ciyawar da ta tsiro a cikinta. Ko minti goma bai yi ba ya washe. Hoto uku na ɗauka, kuma har yau ba ni da kamarsu.

Da hantsi na je kabarin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Ministan Nijeriya da aka kashe a Janairun 1966. Wanda ya tsara ginin ya san darajar haske: ta wani lungu mai duhu ake shiga, a yi ta hawa, sai ga fili a buɗe, sama kaɗai ce rufin kabarin. Na sauke kyamara na yi masa addu'a, domin ba kowane wuri ake shiga da hannu a kan maɓalli ba.

La'asar sakaliya ta same ni a Madatsar Gubi, arewa da gari, inda Bauchi ke shan ruwa. Ruwan ya kwanta luf, tsaunuka sun kife a cikinsa, wani masunci a kwale-kwale ya ratsa ta tsakiya, garken balbela na binsa ta sama.

Ba a zuwa Bauchi a tsallake gandun dajin Yankari, mai nisan kilomita ɗari da 'yan kai, wanda aka keɓe tun 1956. Ban ga giwaye ba, don sai da rani suke taruwa a bakin kogin Gaji. Amma na ga Wikki, ruwan ɗumi garau da ke ɓulɓulowa daga ƙarƙashin dutse, har yashin ƙasansa kana ƙirgawa.

Na dawo Kano da hotuna, amma tsarabar da ta fi su ita ce maganar dattijon nan. Yanzu ko gindin Dala na je da asuba, ba na gaggawa. In Allah ya kai mu hunturu zan koma, in ga yadda hazo ke lulluɓe Warinje.