"Mama, saura kaɗan"

'Yar'uwa, idan ɗanki yana buga wasan kwamfuta na kafa daula a sararin samaniya, faɗa kaɗai ba ya yi. Ni na yi har na gaji. Nawa Stellaris yake bugawa, ya kai ƙarfe biyun dare yana cewa "Mama, saura kaɗan", da safe kuma ya tafi makaranta yana gyangyaɗi.

Rannan na ja kujera na zauna kusa da shi. Ashe tun kafin a fara, shi ke zaɓar girman taswira, daga taurari 200 har 1,000, da yawan daulolin da zai kara da su, da yawan hanyoyin da ke haɗa taurarin. Babbar ya saba ɗauka, ga hanyoyi barkatai, abokan gaba na ɓullowa ta ko'ina, sai gadi ba hutu. Idan hanyoyin kaɗan ne, mashiga biyu zai toshe ya samu sarari.

Muka yi yarjejeniya: lokacin karatu taurari 200, babbar sai an yi hutu. Har yanzu nakan leƙa ɗakinsa, amma yanzu yana barci. Ke ma ki ce naki ya nuna miki inda yake wannan zaɓin.