Miriyam Makeba, Uwar Afirka

An haifi Miriyam Makeba a birnin Johanasbag na Afirka ta Kudu, ran 4 ga Maris 1932. A wancan zamani Turawa ƴan tsiraru ke riƙe da ƙasar, baƙar fata ba shi da ta cewa. Tana da kwana 18 a duniya aka kama uwarta, don ta dafa giya ta sayar, abin da doka ta hana wa baƙaƙe. Jaririya ta yi wata shida a gidan kaso tare da uwarta.

Tun tana ƙarama take waƙa a makaranta da majami'a. Allah ya ba ta murya mai zaƙi. A 1959 ta fito cikin wani fim da aka ɗauka a ɓoye, mai nuna wahalar baƙaƙe. Sanadin fim ɗin ta fita Turai, daga can ta wuce Amurka. Nan ta yi waƙa a talabijin da harshen ƙasarsu, sunanta ya bazu.

A 1960 uwarta ta rasu. Miriyam ta yi shirin zuwa jana'iza, sai ta tarar gwamnatin ƙasarta ta soke fasfonta. Haka aka rufe tsohuwa, ɗiyarta ba ta nan.

Da ta yi shiru, watakila da an bar ta ta koma. Amma ba ta yi shiru ba. A 1963 ta tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya, ta faɗi zaluncin wariyar launin fata. Sai aka hana sayar da faya-fayanta a Afirka ta Kudu, aka ce ita ba ƴar ƙasa ba ce. A 1968 ta koma Gine da zama, shugaba Seku Ture ya karɓe ta hannu biyu. Waƙarta Pata Pata ta zaga duniya, amma mai ita ba ta da ikon taka ƙofar gidansu. Ɗiyarta guda tilo, Bongi, a Gine ta rasu a 1985.

Komai nisan dare gari zai waye. A 1990 aka saki Nelson Mandela, Miriyam ta koma gida bayan shekara 30 da ƴan kai. A 1991 ta fito cikin wasan talabijin na Amurka, The Cosby Show. A 1992 ta fito a matsayin uwa cikin fim ɗin Sarafina, labarin ƴan makarantar Soweto da suka yi bore a 1976.

Ta rasu a Italiya cikin Nuwamba 2008, jim kaɗan bayan ta gama waƙa gaban jama'a. Tana da shekara 76.

Tambayoyi
1. Me ya hana Miriyam zuwa jana'izar uwarta?
2. Wace ƙasa ce ta karɓe ta a 1968?
3. A ganinku, don me ake ce mata Uwar Afirka?