Kayan Kallon Amarya: Kafin a Ɗora Faranti a Kan Rufi

'Yan uwana mata, musamman ku 'yan makaranta da ku masu shirin shiga ɗakin miji. Yau hirar tamu a kan kayan kallo ce. Na san wata za ta ce, to ina ruwanmu da zancen satalayit, ai wannan aikin maza ne. Haba 'yar uwa! Wa ke wuni a gida da akwatin nan? Wa za a yi wa jere da shi? Iyayen wa ke cin bashi don a fita kunyar 'yan ganin ɗaki? Ai namu ne. Don haka zancen namu ne.

Ni 'yar Birnin Gwari ce, kuma abin da ya dace da ɗakin amarya a Kaduna ko Kano ba lallai ya dace da namu ba. Mu daji ya kewaye mu, ga Kamuku nan kusa, wanda aka mayar gandun daji na ƙasa a 1999. Wutar lantarki kuwa baƙuwa ce, ta zo yau, sai kuma an gan ta. Sannan kowa ya san halin da muka shiga na 'yan bindiga, lokacin da hanyar Kaduna ta zama abin tsoro, magariba na yi kowace uwa ta tattara 'ya'yanta ta kulle ƙofa.

A ƙarshen watan Satumba na 2021 aka rufe layukan waya a yankinmu saboda tsaro, sai wajen ƙarshen Nuwamba aka buɗe. Wallahi wayoyinmu suka koma tocila. A makonnin nan, bayan rediyo, ɗan farantin da ke kan rufinmu ne ya riƙa kawo mana labarin duniya, domin shi ba ruwansa da ƙarfen sabis, daga tauraron ɗan'adam yake ɗauko hoto, can sama kimanin kilomita 36,000. Ƙannena maza da suka saba sulalewa gidan kallon ƙwallo da dare, shi ya zaunar da su a gaban Innarmu, hankalinta ya kwanta.

To, in an tashi saye, ga abin da zan ce miki. Dikoda iri biyu ce. Akwai ta biyan kuɗi wata-wata irin DStv da StarTimes, ranar da kuɗi ya ƙare hoto ya ɗauke. Akwai kuma risiba ta kyauta, irin su Strong, wadda sau ɗaya za a saya a huta. Ki tambayi kanki tsakani da Allah: angon nan zai iya biya kowane wata, ga cefane ga kuɗin mai? In ba zai iya ba, kada a kawo miki abin da zai zama sanadin ɓacin rai a ƙarshen kowane wata. Mai kwanon eriya irin GOtv kuwa, daga ƙarfen da ke cikin manyan birane take kamawa, kada a sayo miki ita daga Kaduna sai an tabbatar tana kamawa a garinku.

Na biyu, a duba a ga an rubuta HD da DVB-S2 a jikin kwalin. Tsohuwar risiba tana da araha, amma tashoshi da yawa sun sauya tsari, sai ki ji magana babu hoto, ko ma babu duka. Na uku, a nemi mai aiki da batir mai ƙarfin 12, wadda sola ɗaya za ta ɗauka tare da ƙaramar talabijin, ba sai an tada janareto ba. Na huɗu, ta kasance da ramin sa filasha. Sannan ki faɗa wa mai haɗawa tashoshin da kike so tun kafin ya hau rufi, don kowane tauraro da inda ake juya masa faranti. In Arewa24 kike so, wadda ta fara a 2014 ta kawo mana Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, ki ce masa. In tashoshin Makka da Madina ne da na MBC, ki ce masa. Kuma ki sani ƙaramin faranti yana ɗauke hoto in an yi ruwa mai ƙarfi, mu kuwa damina tana sauka sosai. Ba lalacewa ya yi ba, ki bari hadari ya wuce.

Ku kuma 'yan makaranta, ga sirri. Tsohuwar kwamfutar cinya da yayanki ya yar, in aka haɗa ta da talabijin da wayar HDMI, ta zama taska. A je wurin masu turi a cika ta da karatun Alƙur'ani, da darussan lissafi da Turanci, da tambayoyin JAMB, tunda daga 2015 da kwamfuta ake zana jarrabawar. Ƙawata ta taɓa shiga ɗakin jarrabawa ba ta san yadda ake riƙe linzamin kwamfuta ba, ga ilimi a kai amma hannu na rawa. Kada hakan ya same ki. Fim ma a zuba, ban hana ba, amma ki ware masa lokacinsa.

Kada ki bari ƙyalƙyalin manyan lasifikoki ya ruɗe ki, a cika falo da abin da zai shekara lulluɓe da leshi babu wutar kunna shi. Kowa ya daka ta wani, ya rasa turmin daka tasa. Ki zaɓi daidai ruwa daidai tsaki, ki sauƙaƙa wa iyaye.

Allah Ya zaunar da garinmu lafiya, Ya ba kowacce miji nagari. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.