Rishon gas da gidan zanzaro

Ina rubuto muku daga Belbeji, cikin ƙasar Tarka. Yau labarin rishon gas zan ba ku, da yadda na kusa ƙone gidana da hannuna.

Kowa ya san wahalar itace a Damargu. Mata suna fita da asuba, ba su dawowa sai rana ta take, kuma abin da suke ɗaukowa ƙirare ne da kara. Wasu ma kashin shanu suke hurawa. Tun da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a 2011, a kan hanyar Damagaram zuwa Tanut, gas ya fara shigowa garuruwanmu. Ni ma na tara kuɗi na sayi tukunya mai kilo 6, irin wadda ake ɗaura kan risho a bisanta. Wani maƙeri ya yi mini ragar ƙarfe ta gasa nama. Muka ajiye su a tsakar gida, ƙarƙashin rumfa.

Wata shida muna aiki da rishon, ban taɓa goge shi ba. A zatona abin da aka saya da tsada shi ke kula da kansa.

Ranar Babbar Salla, bayan an yanka rago, na ce ni zan gasa hanta. Na kunna, sai wuta ta fito ja, tana hayaƙi, tana tsalle gefe guda. Hanta ta yi baƙi ba ta gasu ba. Uwargida ta dube ni ta ce, "Malam, abin nan naka ya mutu. Ni dai zan koma murhuna." Maganar ta yi mini zafi, don ni ne na matsa mata ta bar itace.

Na kashe wutar, amma ina ta jin warin gas. Sai na ɗauko ashana, wai in bi in ga inda yake fita. Ku ji wauta! Daidai lokacin wani ɗalibina ya yi sallama, ya kawo mana naman layya. Dattijo ne, ya yi shekaru yana dafa wa ma'aikata abinci a Libiya. Ya saki kwano ya riƙe mini hannu.

Ya ce, "Malam, a aji kai ne malami. Nan kuwa ka bari in koya maka."

Na ce, "To, Baba, bismilla."

Ya sa aka kashe murhun da ke kusa, aka kori yara. Da ƙarfe ya huce, ya kwance kan rishon ya kifa shi. Rairayi ya zubo, da daskararren kitse. Sa'an nan ya nuna mini ƙofar da iska ke shiga. Ashe zanzaro ya gina ɗakinsa na laka a ciki, ya toshe rabinta.

Baba ya ce gas ba ya ci da kyau sai ya gauraya da iska. In iska ta isa, wuta shuɗiya ce, ba hayaƙi. In ka ga ja, ko gindin tukunya yana baƙi, to hanya ta toshe, kuma gas ɗinka ɓarna yake yi. Ya cire lakar da tsinken tsintsiya. Ya wanke kan da ruwan ɗumi da sabulu, ya bi hudojin ɗaya bayan ɗaya, ya shanya a rana har ya bushe sarai. Akwai wata ƴar huda ƙarama da gas ke fitowa. Na miƙa masa allura, ya ƙi karɓa. Ya ce allura tana faɗaɗa ta, kuma in ta faɗaɗa ba ta gyaruwa. Hura ta kawai ya yi da baki.

Saura warin. Ya mayar da kan, ya shafa kumfar sabulu a mahaɗa. Nan take kumfar ta fara kumbura. Ƴar robar da ke tsakani ce ta tsage, zafi ya cinye ta. A nan ne na so kai ashana. Har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Ya sake kwance kan, ya ce kada a kunna sai an sami sabuwar roba. Ya ƙara da cewa gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwantawa, don haka kada a kwana da tukunya a ɗaki. A bar ta tsaye, a inuwa, musamman da bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Ragar kuwa, ya ce in cuɗa ta da toka da rairayi, in shafa mata man gyaɗa kada ta yi tsatsa, in kuma sa maƙeri ya yi mata faranti a ƙasa don kitse ya daina ɗiga kan risho.

Kwana uku muka yi da itace kafin ran kasuwa, uwargida tana ta yi mini dariya.

Da aka koma karatu, na rubuta kalma uku a allo: risho, roba, kumfa. Na ce Baba ya tashi ya yi bayani. Mutumin da ke jin kunyar karanta layi ɗaya ya yi rabin awa yana magana.

Yanzu kowace Juma'a da safe nake kwance kan in duba, in an gama girki kuma mu kifa masa tsohon kwano saboda ƙura. Uwargida ta dawo kan gas, amma ta hana a fasa murhunta.